Yashin Aro

Jirgin yasa ya iso Santa Iriya ran Talata,
daga Holan, in ji Zulmira mai gasa kifi.
Ya tsaya a bakin mashigi kamar saniyar da ta ga rafi,
ya sunkuyar da wuya, ya hau sha.

Ni Amandiyo, shekara arba'in da ɗaya
ina shigo da jiragen masunta ta wannan maƙogwaro.
Ban da taswira, gora gare ni,
jan zare a kamu huɗu, baƙi a kamu bakwai.
Yashi da dare yake tafiya, ba ya sallama,
inda ka wuce jiya, yau nan za ka kafe.
Na san shi irin sanin da ake wa maƙwabci mai faɗa:
tarinsa, da lokacin da yake juya kwanciya.

Bara ya shaƙe bakin har numfashi ya gagara.
Jirgin Belmiro ya hau tudu, ciki maƙil da sardin,
muka jeru a gaɓa, hannu a ƙugu,
rana na hawa, kifi na lalacewa.
Sai aka rubuta wa Lizbon takarda.
Sai aka jira.

Yanzu ga bututu baƙi, kaurinsa ya kai ganga,
ya bi ta bayan coci, ya tsallake hanyar kekuna,
yana aman laka a gaban otal-otal
inda teku ya ci ƙasa har gindin matakala.
Katafila biyu na baje ta kamar masu shanya.
Ranar farko wari, sai ka ce ƙwai ya dage a rana.
Rana ta huɗu ta yi fari sol.
Tsuntsaye suka sha biki, kaguwa ta ga ta kanta.

Injiniya Kustodiya, yarinyar kirki ce,
ta nuna mini allo mai shuɗi da kore.
Ta ce, Kawu, ga hanya ɗoɗar, zurfi mita biyar,
ko yaro zai shigo da jirgi ido rufe.
Na ce madalla.
Me zan ce?
Na jingine gorata bayan ƙofa, kusa da lema.

Da yamma nakan taka sabuwar gaɓar.
Baƙi sun shimfiɗa tawul
a kan abin da ya hana ni barci rabin rayuwa,
yara na gina benaye da tudun da ya karya Belmiro.
Wata mai wushirya ta tono dalmar taru,
ta ruga wa uwarta, wai ta tsinci dukiya.
Na roƙa, ta ɗora mini a tafi.
Harufa biyu, an zana da ƙusa.
Haka Firmino ƙanena yake shaida kayansa,
kafin bakin nan ya haɗiye shi
a shekarar da aka haifi 'yata.
Shekara talatin yana ƙasan hanyata ban sani ba,
sai da inji ya tofo shi a gindin lemar wani.
Na mayar mata.
Hannunta ya fi aljihuna ɗumi.

Jirgin ya tafi kafin iskar hunturu.
An yi jawabi, an yanke kyalle, an sha lemo.
Ban ƙi ba, Belmiro na fita da asuba,
Zulmira ta ƙara tebur biyu.
Amma kayan aro ba ya rufe katara,
kuma teku mai bin bashi ne da ba ya ɗaga murya:
cokali cokali yake karɓa,
kowace igiya da nata rabon.

Daren jiya na ɗauko gorar,
na tuƙa a hankali zuwa koriyar fitila,
na soka.
Taki guda ya dawo.
Na ji shi a wuyan hannu, laushi, kamar gaisuwa.

Ban faɗa wa kowa ba.
Na zo gida, na kunna fitila,
na sake ɗaure jan zaren da ya kwance.